Okwudili Mai Duba Kaset

Okwudili Anazodo bai taɓa zaɓar fim ɗin da zai kalla ba sai da ya haura shekara hamsin, alhali kuwa da kallon fim yake ci da iyalinsa.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya zo Anaca wurin kawunsa Mbanefo, mai buga kaset yana sayarwa a unguwar Iweka. Niyyarsa ya yi shekara biyu ya wuce Legas koyon ɗaukar hoto. Kawun ya ajiye shi a ɗakin baya, ƙofa ɗaya babu taga, inda injinan bidiyo ashirin ke kwafa tun safe har faɗuwar rana. Aikinsa shi ne ya kalli duk fim ɗin da aka kawo daga farko har ƙarshe kafin a buga, kada a sami inda hoto ya yage ko murya ta ɗauke. Shekara biyun na cika mahaifinsa ya rasu, ɗawainiyar ƙannensa uku ta dawo kansa. Daga baya ya auri Nwanneka mai sayar da okpa, wato alalar gurjiya, a bakin layi, maganar Legas ta bi ruwa.

Finafinan kuwa sai dai a yi shiru, don yawancinsu a kwana biyar ake ɗauka. Ya ga gawa tana kore ƙuda. Ya ga matar da aka binne a kashi na ɗaya ta gifta da tiren ayaba a kashi na biyu. Ya ga attajiri yana kukan mutuwar ɗansa, ƙarar janareta ta danne kukan. Sau ɗaya ya kai ƙorafi wurin kawunsa.

Mbanefo ya ce, "Duba kaset na sa ka ko alƙalanci? Hoto ya fito? Murya ta fito? To buga."

Tun da ba shi da ikon kashewa ko tsallakewa, kuma zaman ya fara taɓa masa kai, sai ya shiga tambayar kansa me ya ɓata kowane wuri. Ya lura kiɗa yakan riga mugu shigowa, ya tona asirinsa tun bai yi komai ba. Ya lura in mutum biyar suna ihu a lokaci guda, babu wanda kake tausaya wa. Akwai wata tsohuwa da kullum ake ba ta matsayin 'yar aiki a kusurwa; ita in an ce ta tsinci wake, da gaske take tsinta. Ya kai ga duk fim ɗin da ta fito, ita kaɗai yake kallo.

Kaset ya wuce, faifai ya zo. Mbanefo ya rasu, ɗansa Tobenna ya gaji shagon, yana girmama Okwudili da kiran Dee Okwu, amma bai fitar da shi daga ɗakin ba. Idanunsa suka fara hazo, bayansa ya ranƙwafa daidai da kujerar.

Wata Asabar da rana 'yarsa Chinasa, wadda ke aikin jinya a Asaba, ta tsallaka da shi gadar da ke tsakanin Anaca da Asaba zuwa gidan sinima. Ta ce ya zaɓa. Ya daɗe tsaye gaban hotunan finafinan kamar baƙo a tasha, sannan ya nuna wani mai hoton kwale-kwale.

Labarin wani masunci ne da ƙaninsa ya nutse. Bayan an binne mamacin, mutumin ya dawo gida ya zauna, matarsa ta ajiye masa abinci. Okwudili ya jira kiɗan kuka, bai zo ba. Ya jira a yi birgima a ƙasa, ba a yi ba. Mutumin ya wanke hannu, ya gutsuri loma, ya riƙe ta har ta huce. Samarin da ke gefen Okwudili suna ta latsa waya suna tsaki, shi kuwa hawaye ya jiƙa masa wuyan riga.

A hanyar dawowa motarsu ta maƙale a cunkoson gada. Chinasa ta ce ita ba ta ga abin da ya faru a fim ɗin ba, ban da zama da kallon ruwa.

Ya ce, "Ke ba ki ga yadda ake lalata irin wurin nan a fim ba. Ni na gani ya fi sau dubu. Duk ramin da na san ana faɗawa, wanda ya shirya fim ɗin nan ya zagaye shi."

Ta ce, "To Papa, ka bar ɗakin nan mana."

Ya yi ɗan murmushi, ya tambaye ta wa zai ɗauki mai shekarunsa da irin waɗannan idanun, ga ƙanenta biyu ba su gama makaranta ba. Ta yi alkawarin kawo shi duk wata, ya ce ya ji.

Sau biyu kawai suka sake zuwa a shekarar, saboda yawancin Asabar Tobenna ba ya rufe shago. A zuwa na biyu suka tafi da Nwanneka, ta yi barcinta tun kafin a kai rabi, shi kuma bai tashe ta ba.