Jan faci a kan baƙin bot

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na liƙe bot ɗin mijina ba, dogon takalmin nan na shiga ruwa. Lokacin muna wani ƙauye kusa da Galmi. Shi ya tafi cin rani Ikko, ya bar ni da yara da fegin albasa a gandarin da ake ba ruwa ta kanal. Dokar wurin kuwa ba wasa: duk fegin da ranar ruwansa ta zo ba mai shi a ciki, sai manyan koperatif, wato ƙungiyar manoman, su danƙa shi ga wani cikin dangi.

Ana haka kurkunu ya fito mini a idon sawun dama. Ya fita dai, amma ya bar gyambo, likita ya ce in na kuskura na tsoma ƙafar cikin taɓo, kada in komo masa da kuka. Da wan mijina ya ji, sai ga shi da la'asar har da goro. Mutumin da bai taɓa tambayar ko yaran sun ci abinci ba!

"Ki huta, ƙanwata," in ji shi. "Gobe ni ka shiga fegin ga. Mace da gyambo, mi za ta yi cikin ruwa?"

Na san shi sarai. In ya shiga sau ɗaya, sai dai mu hangi buhunan albasa a ƙofar gidansa. Na ce, "Yaya, ai bot ɗin ƙanenka na nan." Ya jawo shi daga ƙarƙashin rumbu, ya zura yatsa ta diddige ya ɓullo waje, ya yi dariya har da tari. Ya ce ko mahaukacin kasuwa ba ya sa wannan.

Wallahi raina ya ɓaci. Yana fita na hura garwashi na sa wuƙa a ciki, yadda na ga masu liƙi suna yi a kasuwar Konni. Na yanko robar cikin tayar keke na ɗora, na danna wuƙar. Kai! Sai hayaƙi da wari, robar ta ƙone, ramin ma ya ƙara faɗi. Tsohuwar maƙwabciyata ta leƙo ta kan zana tana toshe hanci, ta ce, "Ɗiyata, robar taya ƙonewa takai, ba ta narkewa. Sai irin ta takalmi."

To, takalmin roba ɗaya ke gare ni a duniya, wani ja da mijina ya sayo mini kafin ya tafi, wanda nake adanawa don biki da suna. Na daɗe ina juya shi a hannu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, sannan na yanka shi. Ina zura wuƙar tsakanin robobin biyu sai suka narke suka kama juna. Na bi kowane rami, na ƙone yatsu, na zuba ruwa na gwada, na sake bi.

Da safe na cusa tsumma cikin bot ɗin saboda ya yi mini yawa, na kama hanya ina ƙwaf-ƙwaf. Matan bakin rijiya suka dinga shewa, wai ga jandarma ta fito. Ko kallonsu ban yi ba. Na tarar da Yaya tsaye cikin fegin da shebur, yana gaya wa mai rabon ruwa cewa ba ni iya tashi.

Na ce, "Ina kwana, Yaya? Ka matsa mini, ruwana za ya shigo."

Ya kalli ƙafafuna ya ce, "Yanzu za ya yoyo, ki ruɓe ƙafa a banza."

Sai na dira cikin kanal na tsaya. Nan take na ji sanyi yana shiga ƙafar hagu, ta jiƙe sharkaf, amma ta dama mai gyambon ko ɗigo. Mai rabon ruwa ya tambaye ni ko yana yoyo. Na dubi idon Yaya na ce, "Buɗe mini ruwa, malam." Ya buɗe. Yaya ya saɓa shebur ɗinsa ya tafi ba sallama.

Shekarar nan duk bikin da aka yi a ƙauyenmu ba takalmi na je shi, kuma ban sunkuyar da kai ba, don albasar a rumfarmu aka shanya ta. Tun ranar na koyi cewa in mutum ya zo yana lallashina in huta, sai na fara duba abin da zai ɗauka in na kwanta.