Maiwada Mai Niƙa da Hajiyarsa

A Birnin Tudu, baƙo ba ya tambayar inda shagon Maiwada yake. Ya dubi sama kawai, inda baƙin hayaƙi ke tashi nan ne. Tun yana saurayi yake da injin niƙa, tsohon inji mai shan baƙin mai, wanda ya raɗa wa suna Hajiya, wai don ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Bangon shagon ya yi baƙi, darbejiyar ƙofar ma ta yi baƙi. Matarsa Asibi ta daɗe da daina ɗinka masa farin yadi.

Maiwada yana da tari mai zurfi, wanda ya ce gadon gidansu ne. Da aka tuna masa mahaifinsa bai taɓa tari ba, sai ya ce to barkonon da mata ke kawowa niƙa ne.

Wata damina numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Ɗiyarsa Farida, wadda ke koyarwa a Maradun, ta zo ta ɗauke shi zuwa asibiti a Talata Mafara. Can suka tarar da wata ma'aikaciyar jinya, Sista Priscilla. Bayan doguwar gaisuwa ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, ta saurari numfashinsa.

"Baba, tun yaushe kuke shan taba?"

Maiwada ya gyara hula. "Ni? Ɗiyata, ko kusa da mai shan ta ban zama!"

"To, mene ne sana'arku?"

Farida ce ta ba ta labarin Hajiya. Sista ta yi murmushi ta ce, "Ashe Hajiya ce ke busawa, ku kuna haɗiyewa."

Ya dawo gida da magani da fushi. Farida ba ta bar maganar ba. Ta nemo wani Shamsuddeen daga Bakura, mai haɗa kayan sola, ya jera faifai bisa rufin shagon, ya kafa inji mai aiki da hasken rana. Da aka kunna, Maiwada ya tsaya yana jiran ruri. Sai wani ɗan zuuu ya ji.

"Wanga abu ba shi da lahiya," in ji shi. "Mi zai niƙa da wagga murya?"

Aka zuba tiyar dawa, gari ya fito lukui. Ya murza shi a tafin hannu, ya ce da sauran tsaki-tsaki. Babu tsaki ko ɗaya, amma kowa ya ƙyale shi.

Makonnin farko sun yi masa wuya. Ya saba magana da ƙaraji saboda rurin Hajiya, sai ya riƙa daka wa tsofaffi tsawa alhali gaisuwa yake yi. Ya kuma gano cewa matan da ke layin niƙa sun daɗe suna hirarsa a gabansa, ƙarar inji ta hana shi ji. Ranar da ya ji wata na cewa Maiwada ya fi injinsa surutu, ya juyo ya ce, "Ina ji hwa!" Suka bushe da dariya. In hadari ya rufe rana aiki ya ja baya, sai ya fito ya harari sama ya ce Hajiya ba ta taɓa tsoron gajimare ba.

Kafin a gama girbin shinkafa tarin ya lafa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya fara rataye ɗinki a waje. Jikarsa, wadda a da ake hana ta zuwa shagon saboda ciwon asma, ta fara wuni a wurinsa. Wata rana ya shiga gida ya tsaya a tsakar gida yana shinshina.

"Asibi, kin sake daddawa ne? Miyag ga ta yi ƙamshi."

"Malam, ita ce dai tun aurenmu. Hancinka ne ya dawo daga tahiya."

Yanzu Maiwada ya zama mai wa'azin iska. In ɗan acaba ya wuce yana fesa hayaƙi, sai ya tare shi ya yi masa faɗa, ya ce shi tun can ya san abin nan guba ne. 'Yan acaban kan saurare shi da ladabi, su ce, "Gaskiya ne, Baba," sannan su tura babur sai sun sha kwana su tayar.