Dubiyar Da Na Karɓa A Tsaye

Mahaifina mai unguwa ne a wani ƙauye kusa da Miga, kuma a iya sanina bai taɓa mayar da ƙwarya ba. Suna ne, ɗaurin aure ne, sasanta manomi da makiyayi ne, duk inda ya sauka sai an ajiye masa abinci, kuma sai ya ci, don in ya ci a gidan wane ya ƙi ci a gidan wane, kafin la'asar an ce ya ɗauki ɓangare. Da zamani ya juya, tuwo ya koma shinkafa, fura ta koma lemon kwalba. Mutane na kallon tumbinsa suna murna, wai sarauta ta karɓe shi. Ciwon suga ya bayyana ta wani ɗan rauni da kututturen dawa ya yi masa a babban yatsan ƙafa, raunin ya ƙi warkewa, har aka yanke ƙafar a asibitin Jahun. Ba wanda ya tuɓe shi. Sai dai masu kawo ƙara suka koma yi masa sannu daga zaure, su zarce gidan ƙanensa. Na ga yadda yake miƙa wuya in ya ji takun mutane, na ga yadda yake mayar da kai in takun ya wuce. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shi ya sa ranar da likita ta ce sugana ya fara hawa, ban yi kuka ba, ƙafafuna na duba. A lokacin ban daɗe da zama shugabar wata makarantar 'yan mata da ke bayan garin Dutse ba, kuma na fara cika kujera yadda ake son Hajiya ta cika ta. Na koma gida na ce da maigidana daga yau an canja tukunya. Tuwon dawa kaɗan, miya da yawa, kwaɗon zogale ko na rama da rana, fura ba sukari. Dabino ma, a garin dabino, sai na ɗan taɓa na janye hannu, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na sayi takalmin kambas irin na ɗalibaina, na ajiye mota, na riƙa tafiya makaranta a ƙafa bayan gari ya waye, da hijabina har ƙasa. In na isa, kafin na shiga ofis sai na zagaye filin makarantar kaf.

Jikina ya yi sauƙi, barcin da ke kama ni bayan azahar ya tafi, faɗan da nake yi wa malamai a kan abin da bai kai ya kawo ba ya ragu. Zagayen kuma ya nuna mini makarantar da ban sani ba. A can ƙarshen fili, bayan ɗakunan kwana, katanga ta zube, awaki na shiga, kuma duk inda akuya ta shiga mutum ma zai shiga. Na faɗa wa kwamitin iyayen yara har bakina ya gaji. Su kuwa iyakarsu ofishina, su sha lemo, su ce za a duba.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Aka ce na sayar da mota. Aka ce maigidana ya daina cefane. Da zanina ya fara zagaye ni har da saura, sai aka daidaita a kan magana ɗaya: Hajiya ba ta da lafiya, ɓoyewa take yi. Mataimakina, mutum mai ladabi kamar ya kwanta maka, shi ya fi kowa tausayina. Kullum sai ya ce, "Ranki ya daɗe, da kin ɗan huta, ai muna nan." Daga baya na ji cewa kwamitin na shirin zuwa ofishin ilimi su roƙi a hutar da ni, a ba shi riƙo. Amma dattawa ba sa yin abu a gaggauce. Sai sun zo dubiya tukuna, sun gani da idonsu.

Wata Laraba da hantsi na dawo daga aji na tarar an shimfiɗa darduma a ofishina, har da matashin kai. Dattawan na zaune, shugabansu a gaba, wani dattijon ɗan kasuwar hatsi da nake kira Baba Alhaji, wanda 'yan kasuwa ke kai wa ƙararsu. A gefe ga kayan dubiya kamar yadda aka saba: katan na lemo, gwangwanayen madara, kwalin sukari. Na dubi kayan nan, dariya da takaici suka taso mini tare. Da a ce da gaske ina kwance, da abin da zai ƙarasa ni suka kawo, kuma da zuciya ɗaya.

Baba Alhaji ya ce, "'Yata, zauna mana. Ya jikin?"

Na san in na zauna a dardumar nan na ce da sauƙi, magana ta ƙare, gobe suna ofishin ilimi. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na gode da kaya, don ba a mayar da hannun kyauta baya. Amma ban zauna ba.

Na ce, "Baba, lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Mara lafiyar tana bayan makaranta. Tunda Allah ya kawo ku, ku zo ku duba ta."

Mataimakina ya yi wuf ya ce bari ya kawo mota. Na ce, "Malam, mota ba ta shiga yashin nan, ai ka sani. Ko ba ka taɓa zuwa ba?"

Na shige gaba. Ban yi sauri ba, ban kuma rage ba, tafiyata ta kullum na yi. Kafin mu wuce ɗakin girki hira ta mutu, sai numfashi. Wani ya tsaya gyara hula, wani ya tuna ana kiransa a waya. Mataimakina ya riƙe ƙugu a gindin darbejiya yana share gumi da hannun riga. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Baba Alhaji kaɗai ya biyo ni har ƙarshe, yana ɗingishi, girman kai na tura shi.

Ya tsaya ya dubi katangar da ta zube, ya dubi tagogin ɗakin kwanan yara da ke daf da ita. Jikarsa a ɗakin take kwana. Ya ce, "Wannan ai ba abin da za a kwana ana kallo ba ne." Ya nemi wani dutse ya zauna. Na ɗauka gajiya ce. Sai ya waiga, ya ga sauran sun yi nisa, ya zare takalminsa na dama.

Babban yatsan na naɗe da tsumma. Tun kafin ya kwance na san abin da zan gani, don na taɓa ganinsa a zauren gidanmu. Duk daɗin da nake ji ya gudu.

Ya ce a hankali, "Tun kaka yake, ya ƙi kamewa. Kada ki faɗa wa kowa, 'yata. In 'yan kasuwa suka ji, sun gama da ni."

Na ce, "Baba, in ka ɓoye ne za su gama da kai. Na ga an yi wa mahaifina. Yau za ka je asibiti, ba gobe ba, ni zan kai ka. Motar tana nan, ban sayar ba."

Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "To me kike ci ne haka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Abincin talakawa." Na ce shi ne.

Maganar ofishin ilimi ba ta sake tashi ba. An ɗaga katangar kafin damina, kuma na yi shekaruna a kujerar har na ajiye ta da kaina. Yatsan Baba Alhaji bai tsira ba, amma ƙafar ta tsira, da ita yake zuwa masallaci. Ranar da na je duba shi bayan an sallamo shi, na tarar da katan-katan na lemo jere a zaure, masu dubiya sun kawo. Ni ƙullin zogale na ajiye masa. Muna cikin gaisawa aka yi sallama a waje, ya miƙa wuya kamar yadda mahaifina yake yi. 'Yan kasuwa ne. Suka shigo, suka zauna, suka fara karanta masa rigimarsu ta rumfa.