Neman Saiwar Jema Daga Birkiteri Zuwa Bakin Binuwai

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Birkiteri, ni da ɗiyar yayata, ana ta yayyafin nan na Yawunde. Dalilin tafiyar Inna ce. Tun da ta kwanta ciwo ta ƙi shan ruwa, na famfo ta ce warin ƙarfe yake yi, na gora ta ce lami ne. Likita kuwa ya gargaɗe mu a kan ƙodarta. Abu ɗaya take ambato: ruwan randa mai saiwar jema, irin wanda ta sha tana yarinya a Garwa. Na sayo saiwa har sau biyu a kasuwar Mokolo, ta shinshina ta ture, ta ce an sayar mini da tsintsiya.

Ni tela ne, ciyawa duk ɗaya ce a idona. Shi ya sa na ɗauko yarinyar nan, mai karatun ilimin tsirrai a jami'a. Ta zo da tulin tsofaffin jaridu da katako biyu na danne ganye, da wani ɗan madubin ƙara girman abu a rataye a wuya. Har mai awon kaya a tasha ya tambaya ko jaridun na sayarwa ne.

Zuwa Bertuwa daji ne baƙi ƙirin, sai manyan motocin katako da ke turo mu gefen titi. Mun ci bobolo, wato curin rogo da ake dafawa a ganye, da soyayyen kifi a hanya, farashinsa rabin na gida. Daga Garwa-Bulai sama ta buɗe, itatuwa suka ja baya, ciyawa ta karɓi gari. Nan ɗiyata ta manne da taga tana kiran sunaye da Latin, wata mata a gefenmu ta ɗauka addu'ar tafiya take yi, ta riƙa cewa amin. Mun kwana a Ngaundere, washegari muka gangara wani dutse mai hanya lanƙwasa-lanƙwasa, kunnuwana suka toshe, zafi ya tarye mu tun kafin Garwa.

Kwana na uku muka hau babur zuwa fadamar Binuwai. Ciyawar farko da na cafka doguwa ce, na ce Alhamdulillahi an samu. Ɗiyata ta shafa ganyen.

"Kawu, wannan gamba ce. Ka ji gashi a jikinta? Kuma a tudu take."

Ta biyu na murza ganyen na ji ƙamshi, na yi murna. Wannan kuma ɗiyata ta ce tsaure ne, ƙamshinsa a ganye yake, saiwarsa ba ta da komai. Har azahar muna cikin taɓo, takalmina ɗaya ya tsinke. Ita kanta ɗiyata ta fara kokwanto, domin jemar da ta sani busasshiya ce, a manne jikin takarda. Na tuna leɓen Inna da ya bushe.

Wata dattijuwa ce ta cece mu, Bafillatana mai tallar nono, da Hausarta ta koyo. Da ta ji abin da muke nema da wanda ake nema wa, ta sauke ƙwaryarta a gindin wata ƙirya ta shige gaba. Ta kai mu inda ruwa ya ja baya, ga dunƙule-dunƙulen ciyawa sun fi ni tsayi. Ba ta dubi sama ba, gindin ta nuna mana: a baje yake kamar mafici, ganyen a naɗe biyu, gefensa da kaifi. Ɗiyata kuma ta janyo kan ciyawar mai jaja-jaja, ta sa madubi, ta nuna mini rassan da ke fita zagaye-zagaye, da 'yan ƙayoyi a jikin ƙwayar. Ta ce dangin jema ba su da yawa. Tamu tana da ɗan gashi a bakin ƙwaya, wadda aka kawo daga Indiya ake dasawa a gonaki kusan ba ta da shi. Dattijuwar ta karɓi madubin ta leƙa, ta yi dariya ta ce shekara da shekaru tana yankar abin nan ba ta san yana da gemu ba.

Haƙar ta ba ni wuya, saiwar ta nutse ƙasa sosai. Da na shinshina sai warin laka, na dubi dattijuwar.

"Ɗana, kada ka yi fushi da ita. Wanke ta, shanya a inuwa. Sai ta bushe ta sake taɓa ruwa take magana."

Na miƙa mata ɗan alheri ta ƙi karɓa, ta ce in ce wa mara lafiya ta sa ta a addu'a. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Mun dawo da saiwa a ƙunshe, da sabuwar randa daga kasuwar Garwa wadda na rungume tun daga can har Yawunde. Na wanke ta, na cika, na zuba busasshiyar saiwar danƙi guda. Da hantsi na kai wa Inna a moɗa. Ta daɗe tana shaƙa, idonta a rufe, sannan ta kurɓa.

"Ka cika ta da yawa. Sili uku ake sawa," in ji ta. Ta shanye, ta miƙo moɗar a ƙara.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mu da aka haifa a birnin nan mun riƙe sunayen abubuwa mun saki kamanninsu. Da ba don jikar Inna da karatunta ba, da wata baiwar Allah da ta bar nononta a gindin ƙirya saboda baƙi, da na dawo da buhun gamba. Allah ya saka musu da alheri. Jiya Inna ta zauna da kanta ta yi sallar la'asar, ta kuma ce a kai wa maƙwabta ruwan su ɗanɗana.