Akwatin da Ya Ci Kasuwa a Madadina

Shekaru da dama aikina shi ne tambayar farashi. Ba saye nake ba, ba sayarwa ba. Wani kamfanin bincike da ke Abuja ne ya ɗauke ni in riƙa shiga kasuwar Dutsin-Ma da ta Kurfi ina rubuto yadda ake sayar da gero, dawa, wake, manja da busasshen kifin madatsar Zobe. Ni in tura musu ta waya, su kuma su sayar da bayanan ga wasu Turawa masu son kawo kayansu ƙasar nan. Mutanen unguwarmu ba su taɓa yarda wannan aiki ne ba. Surukata har ta koma ga Allah in an tambaye ta sana'ar mijin 'yarta sai ta ce, "Yana dai zuwa kasuwa." Amma da shi nake ciyar da gidana, kuma na san ba kowa zai iya ba.

In baƙo ya shiga kasuwar hatsi da littafi da biro, ƙarya zai kwaso. Wanda ya ɗauke shi mai karɓar haraji zai rage masa farashi, wanda ya ɗauke shi ɗan kwangila zai ƙara. Ni kuwa akwai wani Alhaji a Kurfi, babban mai hatsi, abokin marigayi mahaifina. Nakan isa rumfarsa in tuɓe takalmi in zauna. Sai mun gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gonarsa ta Birchi da ciwon gwiwarsa, sannan ya yi ƙasa da murya ya faɗa mini gaskiya. Ga yadda tiya take da safe. Ga yadda take komawa bayan la'asar, lokacin da mutanen ƙauyen Ɗantutture suka ƙagu su koma gida. Wannan sabon gero ne, wancan na bara ne da ya fara wari. Wannan mai awon yana tara tozo, wancan yana shafewa da hannu. Alhaji yana jin daɗin abin ba kaɗan ba. Yakan ce wa maƙwabtan rumfarsa maganarsa har ƙasar Turawa take zuwa.

Rannan aka canja mana shugaban sashe. Sabon Yallaɓai yaro ne a kaina, Bahaushe ne a suna, amma Hausarsa sai ya tallafe ta da Turanci take tsayuwa. Ya ce zai zo ya ga yadda muke aiki. Na ji daɗi, har na sa aka yanka zakara.

Ya zo da farin takalmi na gudu, ranar kasuwa, ana tsakiyar damina. Bai yi taku ashirin a layin 'yan awaki ba ya ce ya gani, ya isa haka. Muka dawo gida muka zauna a zaure, kuma a nan bakina ya ja mini. Ina son in burge shi, sai na shiga cika baki. Na ce masa farashi a garin nan yana duba fuskar mai tambaya. Na ba shi labarin ma'aikatan da kan ajiye mota nesa da kasuwa su aiki ɗan gari ya tayo musu rago, don in dillali ya hango mota magana ta canja. Na ce duk mai son sanin gaskiyar kasuwa sai ya bi ta hannun ɗan gida.

Ya ajiye cinyar zakara ya tafa hannu. "Malam, ka gama magana! Abin da nake faɗa musu a ofis ke nan."

Na gyara zama ina murmushi, kamar wanda za a ƙara wa girma.

Sai ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan akwati baƙi mai kunnuwa biyu. Ya ce shafukan ciniki na intanet ma haka suke, suna gane baƙo. In Bature ya buɗe su daga ƙasarsa, sai su nuna masa wani farashi daban, ko su rufe masa ƙofa gaba ɗaya. Amma in tambayarsa ta biyo ta layin wani gida a nan, shafin zai ɗauka mutumin Dutsin-Ma ne zaune a ɗakinsa yana duba kaya. Furoksi ya ce sunan abin. Za su ajiye akwatin a gidana, su sa masa data da ƙaramar sola, ni dai in tabbatar bai mutu ba. Wata uku za a yi ana gwada abin da nake kawowa da abin da akwati ke kawowa.

Na ce, "Yallaɓai, wa yake sayar da gero a intanet a garin nan?"

Ya ce, "Za ka sha mamaki."

Na kuwa sha. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini. Ga gero nan a cikin leda mai sheƙi, an auna shi da kilo, wani shago a Legas ke sayarwa, kuma a jikin ledar hoton aku ne. Abincin tsuntsayen masu kuɗi ne. Wai ta nan za a san yadda talakan Kurfi ke sayen abin tuwo. Na yi dariya har na ƙware. Shi ko a jikinsa, ya ce na'ura za ta tace irin waɗannan.

Muka ɗora akwatin a kan tagar ɗakina. Maiɗakina ta dube shi ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu wanga abu shi za shi riƙa tahiya kasuwa?" Na ce ta kwantar da hankalinta, wata uku ne su gane kurensu. Ta ɗauko wani tsohon ɗankwali ta lulluɓe shi, don ta ce ba ta yarda ba ya kallon mutane.

A watannin nan uku na yi aikin da ban taɓa yi ba. Na ɗaura ɗamarar kunyata akwati. A da farashi ɗaya nake turawa na kowane kaya, sai na koma tura huɗu: na safe da na yamma, na ɗan gari da na baƙo. Ina ƙara bayani a ƙasa. In ruwa ya yanke hanya motocin ƙauye ba su shigo ba, in rubuta. In masunta sun samu kamu a Zobe kifi ya faɗi, in rubuta. Har kwanon awo na saya na kai wa mai sikeli ya gwada mini bambancin tiya mai tozo da shafaffiya. Kullum in na dawo a gajiye, ƙafa duk taɓo, sai in tarar da gogan a kan taga ƙarƙashin ɗankwali, 'yar koriyar fitilarsa tana ƙiftawa. Ba ya gaida kowa, ba ya zuwa jana'izar kowa, amma wai shi ma ɗan gari ne.

Da wa'adi ya cika Yallaɓai ya kira ni ta bidiyo. Ya nuna mini zane biyu. Na akwati layi ne miƙaƙƙe, sumul, yana hawa a hankali. Nawa kuwa ya hau ya sauka ya karkace kamar sawun kaza. Na ce alhamdu lillahi, ga shi nan ƙuru-ƙuru, nawa ne ke nuna kasuwa yadda take.

Ya yi gyaran murya. Ya ce Turawan sun duba, kuma sun ce bayanaina suna da hayaniya. Kaya ɗaya farashi huɗu a wuni ɗaya, ba su san wanda za su ɗauka ba. Na akwati ya fi tsabta, ya fi sauƙin sakawa a rahoto.

Na ce, "To ai shagon Legas ba ya sanin an yi ruwa a Kurfi."

Ya ce ya fahimta sosai, kuma shi da kansa yana ganin ƙimar aikina. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san abin da ke biyo bayan wannan magana. Daga ƙarshen wata ba sa bukatar mai zuwa kasuwa. Sai dai suna roƙo a bar akwatin inda yake, domin layin gidana yana da kyau ƙwarai, shafukan ba su taɓa zarginsa ba. Za a riƙa ba ni ɗan abin goro na kula da shi.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ba korar ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne rahoton zai ci gaba da fita da sunan garinmu a kansa, wani a can zai karanta ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya san abin da mutanen Dutsin-Ma ke saye. Kuma ni da bakina na ba su hujja, a zaurena, a kan zakarana.

Ranar kasuwar Kurfi ta zagayo, na shirya na tafi, don ban san me zan yi da ranar ba in ban je ba. Alhaji ya hango ni ya matsar da buhu ya kakkaɓe mini tabarma. Muka gaisa kamar kullum. Ya yi ƙasa da murya zai fara, sai ya lura hannuna ba littafi.

"Ɗana, ina takardar?"

Na so in ce na manta ta a gida. Amma mutumin da ya yi shekaru yana faɗa mini gaskiya a inda kowa ke ƙarya, ban iya ba. Na kwashe duka na gaya masa, tun daga akwati har zanen nan biyu. Ya saurara yana jan carbi bai katse ni ba.

Ya ce, "Shi akwatin, wa yake tambaya?"

Na ce, "Ba ya tambayar kowa, Baba. Shafuka yake dubawa."

"To mi ya sa sai a ɗakinka za shi zauna?"

"Don a ɗauka ɗan gari ne."

Ya dubi masu awo. Sannan ya ce, "Wato gidanka suka ɗauka aiki, kai suka sallama." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Can maƙwabcin rumfarsa ya leƙo ya ce, "Alhaji, yau mi za a hwaɗa ma Turawa?" Alhaji ya ce masa yau ba saƙo, ya juya ya shiga kwance bakin buhu da bai da niyyar kwancewa.

A mota ina dawowa na gama shirya abin da zan yi. Zan cire akwatin, in sa shi a leda, in ba direban Abuja ya kai musu kayansu. Har kalmomin da zan rubuta a takarda na tsara, masu zafi. Na shiga gida na wuce ɗaki kai tsaye na yaye ɗankwalin. Maiɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni ta taga. Garin da ke cikin rariyar shi ne ƙarshen buhun hatsinmu.

Na tsaya riƙe da wayar wutar akwatin. Sai na hango ta taga ƙura ta taru a kan solar, fitilar akwatin tana neman yin ja. Na ɗauki ɗankwalin na fita na goge solar tas, na juya ta ta fuskanci rana.