Gwaggo Hure da Wandon Baiwa

Faɗan Gwaggo Hure da Baiwa, 'yar ƙanenta Datti, taɓarya ce ta haddasa shi. Ana lugude a gidansu na Toranke, yarinyar ta cilla taɓarya sama wai sai ta burge da tafi, abin ya sauko kan kazar Hure mai kwanci. Hure ta rantse wannan zanƙaleliyar ba za ta tsinana komai ba, tsawo ne kawai kamar karan dawa.

Baiwa ta gama firamare a Gaya, aka ɗauke ta makarantar 'yan mata a Kano. A can akwai wata Baturiya, Madam Rodika, 'yar Romaniya, wadda ta buga wa garinsu ƙwallon raga har kafaɗarta ta gaji, sannan ta biyo mijinta likita. Tana ganin hannuwan Baiwa ta ce ta yi tsintuwa, ta sa ta a wasan.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, wani direban kasuwar Ajingi ya kawo labari: 'yar Datti na can tana tsalle gaban jama'a da guntun wando. Datti ya kira yayarsa.

"Yaya, ki je ki gano min. In gaskiya ne, ki taho da ita da akwatinta, karatu ya ƙare."

Da Baiwa ta ga wadda aka aiko, sai ta tuna kaza, ta soma ninke kayanta.

Hure ta ce ita sai ta ga wasan. Ta zauna bakin fili da goronta. Mata ne zaƙwam-zaƙwam, ƙwallo ɗaya, kowa na tunkuɗe ta kamar garwashi, Baturiya na ta ihu da yarensu. Wandon kuwa, direba ma ya yi musu kara. Can aka ɗago ƙwallo, Baiwa ta tashi sama kamar an fizge ta, ta maka ta ƙasa, wata 'yar Zariya cikin abokan karawarsu ta zauna daɓas. Ba Hure ta miƙe ba! Ta rangaɗa guɗa, goro na feshi.

"Jinin gidanmu ce! Ƙara mata!"

Ta koma Toranke ita kaɗai. Datti ya tare ta a zaure.

"Yaya, me kika gani?"

"Lugude ne ba turmi."

"Wandon fa?"

"Kai Datti, ni tela ce da zan auna wando?"

Baiwa ta buga wa jiha, har Legas an kai ta. Da gwiwa ta ƙi, ta dawo Gaya tana koyar da yara wasanni, tana ɗingishi. Ranar da ta je duba Hure, tsohuwa na kwance ba ta ko iya tashi, amma ta ƙura wa gwiwar ido, ta ja tsaki.

"Da na faɗa wa ubanki gaskiyar wandon nan, da yanzu ƙafarki ƙalau. Matso, sarkin tsalle, ki matsa min tawa."