Faifan da Isiyaku ya bar mini

Ina tsaye a asambli da safen nan ƙaninsa ya kira ni. Wai Isiyaku ya rasu.

Isiyaku mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwar Kafanchan. Abokina.

Har yanzu ban yi kuka ba. Fushi nake ji.

Tsofaffin kwamfutocin makarantarmu, waɗanda kowa ya ce a zubar, shi ya tashe su. Ya sa musu wani ƙaramin tsarin kwamfuta da ake kira Linux, mai tashi daga faifan CD. Saitinmu kuma, na firinta, na intanet, har wasan koyon taifin na yara, duk yana cikin filash ɗaya. Ranar da filash ɗin ya ƙi, sai in kira shi, ya rufe shago ya hau mashin ya zo. Ko na miƙa masa abin mai, sai ya ce in ba shi ruwan sanyi kawai.

Na sha roƙonsa ya juye saitin a kan faifan CD ɗin, mu huta. Sai ya yi dariya: "Ticha, in na yi maka, da wane dalili za ka riƙa nemana?"

Watan jiya sai ga shi ba kira, da sababbin faifai a leda. Ya rame. Na tambaya, ya ce olsa ce.

Ya zaunar da ni. Ya kwaso saitin daga filash, ya haɗa shi da tsarin, ya juye a sabon faifai. Ya zare filash, ya kunna kwamfuta, ta tashi da komai namu a ciki. Sai ya miƙo mini wani faifan, ya ce, "Yi naka in gani." Na ɓata shi. Ya ba ni wani, har na iya.

Ya ce, "Yanzu ko ba ni, yaranka ba za su zauna haka ba."

Na ce masa ya daina surutu. Muka ci gasasshiyar masara, ya tafi.

Yau ƙaninsa yake gaya mini ciwon ƙoda ne, tun bara. Matarsa Hauwa ta sani. Maƙwabtan shagonsa sun sani. Isiyaku ne ya ce kada a gaya wa Ticha, wai zan bar aji in je in tare a asibiti.

To, da na tare mana. Wa ya ba ka ikon yanke mini wannan, Isiyaku? Na ci naman sallah a gidanka, ka ci shinkafar Kirsimeti a gidanmu a Fadan Kaje, amma ka zo sallama ka bar ni ina murnar faifai.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya riƙe Hauwa da yaranku.

Duk wanda ya karanta wannan, na coci da na masallaci, ku yi masa addu'a. Ni ma ku saka ni, don ban iya yafe masa ba tukuna, kuma ina so in yafe.